Cigiyar da Aisami Ya Yi a Kasuwar Dabbobi

Duk wanda ya taɓa kwana a Gure ya san muryar Aisami, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai shelar garin. Ubansa ya yi aikin da ganga da ƙafa, shi kuwa da tsohon moto, wato babur, yake yi, da amsa-kuwwa ɗaure a bayan moton da igiyar kaba. Yakan faɗi saƙo da Hausa, ya maimaita da Barbarci, don kada tsohuwar da ke bayan danga ta ce ba ta ji ba. Taƙamarsa guda ce a duniya: bai taɓa shelar abin da ba haka yake ba. In ya ce gobe masu allurar shanu za su zo, makiyayi a bakin gari zai kwana da garkensa.

Rauninsa ƙwallo ne. Ƙungiyarmu, Guguwar Gure, ba wata babba ba ce; wasannin jiha take bugawa a filin rairayi, kuma shan kashi ya fi yawa. Duk da haka tamu ce, Aisami kuwa kyauta yake yi mata shela tun tana ta 'yan unguwa.

Sai Alhaji Ɗan Kasuwa ya karɓe ta. Ɗan garin nan ne mai manyan motoci, amma a Damagaram yake zaune. Ya zo da riguna sababbi da raga, ya yanka rago, muka tafa har tafin hannunmu ya yi ja. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba. Ba ya ɗaga waya, ba ya kiran taro. Takardun wasanni duk wurinsa suke zuwa, mu kuwa sai in direbansa Idirisa ya biyo tasha da kaya, ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Alhaji ya ce." Da wannan Aisami yake zagaya gari.

Wata Lahadi ya yi shelar wasa da 'yan Mirya. Mutane suka taso daga Gamu da Gidigir, wasu a bayan motar kasuwa, wasu a kan amalanke. Muka yi ta tsayuwa a rana. Ashe an ɗage wasan tuntuni, an gaya wa Alhaji, shi bai ga wanda ya isa ya gaya wa ba. Ba a jima ba Idirisa ya kawo saƙon cewa wasa na gaba ma an ɗage. Aisami ya shelanta. Ranar wasan ƙungiyar baƙi ta zo, alƙalin wasa ya zo, babu ɗan wasanmu ko ɗaya a fili, aka ba su nasara a bagas. Ni dai ranar ko abinci ban iya ci ba don haushi.

Burahima, wani mai lambu daga Gamu da bai taɓa fashin wasa ba, ya tare Aisami a tasha gaban jama'a.

"Baba Aisami, kai ne ka tsufa, ko mu ne ka raina?"

"Burahima, abin da aka faɗa mini na faɗa."

"Mu ba mu san wani 'aka faɗa' ba. Muryarka muka ji."

Aisami ya tada motonsa ya wuce. Cikin satin nan wata maƙwabciyarsa ta yi suna, ta kai sanarwarta gidan rediyo. Matarsa Yakura ce ta gaya masa, ta ƙara da cewa, "Malam, ka rabu da ƙwallon nan tun kana da sauran baki a garin."

Bai rabu ba. Ya hau mota har Damagaram, ya wuni a ƙofar gidan Alhaji. Aka kawo masa ruwan sanyi, aka ce Alhaji yana da baƙi, daga baya aka ce ya fita ta baya.

Ranar kasuwa Aisami ya tsayar da motonsa a tsakiyar kasuwar dabbobi. A nan, in raƙumin mutum ya ɓata, mai shela ne yake cigiyarsa, ya faɗi launinsa da tambarin da ke jikinsa da inda aka yi masa ganin ƙarshe. Ya kunna amsa-kuwwa.

"Jama'a, cigiya! Mun ɓatar da shugaban ƙungiya. Fari ne, mai jiki, yana da waya biyu, ba ya ɗaga ko ɗaya. Ganinsa na ƙarshe a filin ƙwallo ne, ranar da aka ci rago. Wanda ya gan shi, don Allah ya koro mana shi gida!"

Ya maimaita da Barbarci. Da farko kasuwa ta yi tsit, don 'yan uwan Alhaji suna nan cikin dillalai, wani ƙanensa har ya miƙe da sanda aka riƙe shi. Sai dariya ta fashe daga wajen masu awaki ta bi kasuwa duka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, raina ya yi sanyi. Aisami kaɗai ne bai yi dariya ba.

Wannan karon amsa ba ta yi jinkiri ba. Idirisa ya zo da mota har bakin fili, ya kwance raga, ya kwashe riguna da ƙwallaye.

"Alhaji ya ce tunda shi raƙumi ne, ku nemi mutum ya riƙe muku."

Aisami yana tsaye aka loda komai. Da idonsa ya gani, ba wanda ya aiko shi. Ya bi gari unguwa-unguwa, muryarsa a dishe, yana faɗin babu wasa ranar Lahadi, babu ƙungiya, Guguwa ta watse, kada kowa ya wahalar da kansa.

Ranar Lahadi da la'asar ya biyo ta bakin fili zai je gida, sai ya taka birki. Filin cike yake. Masu ganga sun zo, masu sayar da dabino da ruwan leda sun baza kaya, amalanken mutanen Gamu suna jere a inuwa, kowa ya zuba ido ga turakun da babu raga.

"Ba ku ji shela ba?" in ji Aisami. "Na ce babu wasa!"

Burahima ya juyo. Babu fushi a fuskarsa, babu zolaya.

"Mun ji, Baba Aisami. Shi ya sa muka zo. Mun ce tunda kai ka ce babu, to akwai."