Fasfon Labaran a Hannun Hukuma

Shekara goma sha bakwai Labaran ya yi a Dubai bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Mutumin Malumfashi ne, gidansu teloli ne, shi ma a kan keken ɗinki ya tashi, har wani ɗan kasuwa ya ɗauko shi don ya riƙa duba masa ɗinkin jallabiyoyin da yake sarowa a kasuwar Naif. Ɗan kasuwar ya karye ya koma gida, Labaran ya zauna. Yanzu wani ofishin kago yake wa aiki a cikin lungunan Naif ɗin. Matan Kano da na Yamai su kawo jakunkuna da takalma, shi ya auna, ya ɗaure, ya rubuta suna a jikin buhu. Ɗaki ɗaya suke kwana su huɗu a Al Nahda. Ba ya tuƙi, ba ya tsallaka titi sai inda aka zana. Abokan ɗakinsa kan yi masa tsiya wai kyanwar unguwar Deira ma ta fi shi karya doka.

Wannan tsabtar tasa ce ta jawo masa.

Wata Asabar da la'asar, a farkon Sha'aban, Alhaji Dikko ya kira shi. Alhaji Dikko mai shagon turare ne a Al Buteen, shi ne dattijon da 'yan Arewa ke kai wa ƙara, shi ke tattara mutane in an yi rasuwa. Ya ce ɗan ƙanwarsa Mubashir, injiniyan nan mai gaisuwa har ƙasa, ya sami 'yar matsalar mota, ana neman fasfon da za a ajiye a ba da belinsa. Nasa fasfon ba zai yiwu ba, yana da tafiya. Na Mubashir kuma yana kulle a wajen kamfaninsu. Kwana biyu ne kacal, in sha Allahu.

Labaran bai tambayi wace irin matsala ba. Ba a yi wa dattijo tambayar ƙwaƙƙwafi a kan ɗan gidansa. Ya ɗauko fasfo daga ƙasan akwati ya tafi.

A gaban kantar ofishin 'yan sanda ya ji gaskiyar magana. Mubashir ya fito daga liyafar rana a wani otal, ya daki ƙarfen gefen titi. Ba wanda ya ji rauni. An sa ya hura na'ura, an ɗebi jininsa, an janye motar, an miƙa takardunsa ga mai gabatar da ƙara. A ƙasar nan ba a sauraron "kaɗan na sha". Ɗan sandan ya dubi furfurar Labaran, ya rage saurin Larabcinsa don ya fahimta.

"Hajji, ka san abin da kake tsaya wa? Giya ya sha ya tuƙa. Fasfonka zai zauna a nan har a gama shari'a."

Labaran ya waiwaya. Alhaji Dikko na jan carbi, idonsa a kan tayil. Ga mutum uku na ƙungiyar 'yan Arewa sun yi cirko-cirko suna jira. Da a ce shi kaɗai ne da ya mayar da fasfonsa aljihu. Amma a ce Labaran ya zo har nan ya juya, ya bar ɗan Musulmi a tsare, ya kunyata dattijo a gaban Larabawa? Ya sa hannu. Wannan sa hannun ne har yau bai yafe wa kansa ba.

Domin kuwa yana da tafiyar da ba ta ɗaguwa. Inna Wasila, mahaifiyarsa, shekararta tamanin da ɗaya, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, za ta zo Umara ranar goma ga azumi, karonta na farko. Ya yi mata alkawari zai tare ta a Makka, shi da hannunsa zai tura kekenta a ɗawafi. Ita ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Duk ta kira sai ta ce, baban Zaituna, kana nan dai a kan maganarka ko?

Kwana biyu suka zama mako uku. Ranar zaman kotu ta zo, aka ce lauya ya nemi a ɗaga. Labaran ya ɗauka haka shari'a take, sai da Yunana ya buɗe masa ido. Yunana mai gyaran na'urar sanyi ne ɗan Kafanchan, gadonsa na saman na Labaran, kuma shi ba ya iya nuƙu-nuƙu. Ya ce kowa ya sani sai kai, Malam. Alhaji ne ya sa a ɗaga. Bayan ƙaramar Sallah za a ɗaura auren Mubashir a Zariya, ana tsoron kada alƙali ya haɗa masa da kora daga ƙasa kafin nan, labari ya isa gidan yarinya. Ya ƙara da cewa ai ana musanya fasfo: a kai na mai laifin, a karɓo na mai beli. Abin da ya hana shi ne kamfanin zai tambayi dalili.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Labaran ya sami Alhaji Dikko a shago. Aka shimfiɗa masa gaisuwa, aka shafa masa turare a bayan hannu. Da ya kawo maganar, Alhaji ya yi ta zagaye, rufin asiri, zumunci, mu baƙi ne a ƙasar mutane. Sannan ya yi murmushi.

"Malam Labaran, Umara ai ba guduwa take ba. Baɗi ma akwai azumi."

"Azumi zai dawo, Alhaji. Inna ce ban sani ba."

Alhaji ya ce ya ji tsoron Allah, kada ya tona yaro. Labaran ya ce da aka kira shi an ce masa matsalar mota, wa ya ji tsoron Allah ranar? Bai taɓa ɗaga wa dattijo murya ba sai ran nan. Masu sayen turare suka juyo, ya fita bai yi sallama ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ganin Mubashir a masallaci kullum, fes da shi, a sahun gaba, ana jinjina yadda ya shiryu. Shi da bai taɓa sanin warin giya ba, shi ne a ɗaure. Ranar biyar ga azumi ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce gobe Litinin ko ya shiga ofishin kamfaninsu ya karɓo fasfonsa da bakinsa, ko shi Labaran ya shiga ya yi musu bayani. Mubashir ya durƙusa, ya ce Baba, Kawu ya hana ni, aikina zai tafi. Labaran ya ce da ka ɗauki makullin mota ran nan ka tambayi Kawun?

Washegari ya ɗauki hutun rabin yini, ya je ya zauna a ɗakin baƙin kamfanin, hannu a harɗe. Mubashir ya leƙo sau biyu ya gan shi yana nan. Na ukun ya wuce ofishin manaja. Ya fito da fasfo, da kuma takardar dakatarwa.

Musanyar ba ta yi sauri ba. Wannan taga ta tura su waccan, aka ce a dawo, hutun ƙarshen mako ya shiga. Ranar goma sha uku ga azumi fasfon Labaran ya dawo hannunsa. Lokacin da ya isa Makka Inna ta riga ta yi Umararta, wani baƙon mai tura keke na haya ne ya zaga da ita, ba ya jin Hausa, ita ba ta jin komai sai Hausa. Labaran ya tura ta ɗawafin nafila sau uku a kwanakin da suka rage. Ba ta tambaye shi abin da ya tsare shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Bayan Sallah kotu ta zauna. Aka ci Mubashir tara mai nauyi, aka dakatar da lasinsa, inshora ta ƙi gyara motar. Korar da aka ɗaure Labaran saboda tsoronta, alƙali ko ambatonta bai yi ba. Kamfanin dai ya sallame shi, gidan yarinya suka ji, aka ɗaga auren. A ƙungiya labarin da ya tsaya shi ne Labaran ya tona asirin ɗan mutane. Aka cire shi daga zauren waya na 'yan Arewa, Alhaji Dikko ya mayar da kayansa wani ofishin kago.

Watan jiya Mubashir ya zo Naif, ya rame, ya tsaya a gefen sikeli har Labaran ya gama da wata mai takalma. Ya ce ya ji ofishinsu na neman mai duba takardun kwantena, ko Baba zai sa masa baki wajen manaja. Labaran ya nuna masa ƙofar manajan da haɓa, ya ce ya shiga ya faɗi ko shi wane ne da kansa. Ya jawo buhu na gaba ya ɗora a kan sikeli.