Yaya Sahabi da totuwar masara

Bana shekara ashirin da biyu da rasuwar yayana Sahabi mai walda, kuma har yau ban taɓa yi masa godiya a bainar jama'a ba. Yana raye ba ya son ji. Da ka fara zai ce shayinsa na hucewa.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne, lokacin da aka tashe mu daga tsohon Zongo, unguwarmu ta Hausawa, aka kai mu sabon Zongo a bayan gari, inda gonakin masara suka kewaye mu. Ban daɗe da fita takaba ba, ga yara uku, ga sana'ar koko da ƙosai da ta dogara da wuta. Itace ya yi tsada, masu kawo shi ba sa isowa gare mu. Sai in kwana biyu ban hura murhu ba. Dangin mijina suka aiko cewa in ba zan iya ciyar da yaran ba, bayan Sallah za su zo su tafi da su arewa. Ba mugunta suka nufa ba, amma na daina barci.

Yaya yana da tsohon injin sussukar masara da yake turawa a amalanke zuwa gonakin manoma 'yan ƙabilar Ewe. Injin kan ragargaza totuwa ya watsar da ita cikin ƙasa, manoma su tattara ta da kara su cinna wa wuta. Sai ya kai shi unguwar Bè wurin da ya koyi aiki, ya rage masa haƙora, ya sa masa rariyar ƙarfe, ya buɗe masa baki na biyu. Tsaba ta fito gefe, totuwa ta fito ɗungurungum a ɗaya gefen, tsaf cikin buhu. An sha wuya kafin ya yi daidai, har ya bar kan ɗan yatsansa a ciki.

Sannan ya ce wa manoma rabin ladansa su biya shi da totuwa. Zongo ta samu abin dariya, har matarsa ta yi masa yaji na kwana biyu. Da la'asar ya sauke buhuna a ƙofata.

"Yaya, me zan yi da shara?" na ce.

"Hura wuta, Hajara. In ta ƙi ci, ki dawo min da kayana."

Ta ci, wuta mai ƙarfi, hayaƙi kaɗan. Da Sallah ta wuce dangin mijina suka zo, suka tarar da layi a bakin tukunyata. Suka sha koko, suka koma su kaɗai.

Yanzu jikana da ke karatun noma yana nuna min a waya manyan injuna masu girbi su kwashe kara da totuwa lokaci guda, a mai da su makamashi. Na san da Yaya ya gani zai fara leƙa ƙarƙashin injin, sannan ya yi faɗa. Bai taɓa yarda a kwashe kara duka ba, yakan ce ƙasa ma sai ta ci.

Injinsa tuni 'yan gwangwan suka saye, shi kuma Yaya bai mutu ya bar gida ba, bai bar mota ba. Amma yaran nan a gabana suka girma, ni na aurar da su. Ranar da ya rasu, babban ɗana ya hana kowa shiga kabarin, ya ce shi zai karɓi kawunsa da hannunsa. Allah ya jiƙanka, Yaya. Na gode.