Tambayar da Na Kai wa Baba Gona

Baba na duƙe yana noma da hauya a Daudawa, ni ina tsaye da farar riga. Wajen 1950 da wani abu ne, ina kwaleji. Malamin rubutu ya sa mu binciko ko daidai ne ɗa ya fita gandun ubansa, mu saurari kowa.

Na tambayi Baba. Ya ce, "Kai me ka gani?"

Na ce, "Baba, an ce kada mu goyi bayan kowa."

Ya dubi kunyoyin da nake nomewa a da, ciyawa ta cinye su. Ya ce, "To, rubuta." Ya ci gaba da nomansa.

Malam ya yaba aikina. Amma har na tsufa ina da-na-sanin rashin karɓar hauyar nan.

Da ku ne, me za ku ce masa?