Hajiya Munira Ta Sa wa Italiyanci Shadda

Shekara talatin Hajiya Munira tana koya wa matan unguwar Hindawiyya tajwidi a ɗakinta na hawa na biyu. A Makka aka haife ta, kakanta ne ya taho daga Sakkwato a ƙafa. Ni maƙwabciyarta ce, na sha faɗanta a kan madda har na haƙura da karatun.

Ɗanta Uzair ya tafi Italiya aiki, ya yi aure can, aka haifa masa 'ya, Dalal. Yarinya ta kai shekara shida, ba Hausa ba Larabci. In an yi kiran bidiyo sai ta leƙo, ta ga tsohuwa na maganar da ba ta ganewa, ta gudu. Abin ya ci wa Hajiya rai ƙwarai. Tsoronta kada ta mutu jikarta ba ta taɓa yi mata hira ba.

Sai ta sa Uzair ya riƙa turo mata kalmomi da murya. Takan saurara, ta yanka kalma gaɓa-gaɓa, ta rubuta da haruffan Larabci. Nonna, wato kaka, ta ɗora mata shadda: non-na. Bambina, yarinya, ta ja tsakiyarta kamar mai madda. Da ta zo kan tavola, tebur, ta ji nauyin ya koma farko, ta yi tsaki. "Wannan ba ta da ladabi."

Bayan la'asar nakan jiyo ta tana rera su a hankali, ido a lumshe, tasi na ta oda a ƙasa. Ta ce mini takan ga garin su Dalal a zuci: tituna duk gangare, mutane na tafe suna jingina da gaɓar kusa da ƙarshe, kamar kalmominsu. Na ce, "Hajiya, ke da ko Jidda sai an yi da gaske kike zuwa?"

Wata huɗu ta yi a kan jimla uku. Wata Juma'a Uzair ya kira, ina wurin. Ta gyara mayafi, ta tambayi yarinyar lafiyarta: "Come stai, bambina mia?"

Dalal ta tsaya cak. Sai ta matso har hancinta ya cika wayar, ta ɓarke da surutu, tana nuna giɓin haƙorinta. Ko kalma ɗaya Hajiya ba ta gane ba.

"Ummi, in fassara miki?" in ji Uzair.

"Uskut, ya waladi," ta ce, wato ya yi shiru, hawaye na bin kuncinta. "Bar ta. Da ni take."