Aduwar Babura

A duk ƙasar Kazaure babu mai sanin itatuwa kamata. Ko da ido a rufe, in ka miƙo mini ganye zan faɗa maka sunansa da na kakansa, da garin da aka tsinko shi. Don haka da aka ce ma'aikatan gandun daji na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa mu haɗa bayanan tsirranmu a rumbu guda na kwamfuta, kowane tsiro da suna ɗaya, sai na ɗinka sabuwar riga.

A zaman farko takwarana na Babura, wani siriri mai tabarau, ya ɗaga busasshiyar ciyawar da na samo a duwatsun Roni, wadda na rubuta a matsayin sabon iri.

"Hajiya," ya ce wa shugabarmu, "wannan ai ƙyasuwa ce ƙishirwa ta kama."

Aka kwashe da dariya, har da direbanmu. Hajiya ta danna maɓalli, ciyawata ta shige cikin ƙyasuwa, sunana ya ɓace daga kanta. A ranar tuwo ma ɗaci ya yi mini. Na rantse sai na rama.

Shi ma yana da abin taƙamarsa, wani guntun itace mai ƙaya da ya ce babu irinsa sai a bakin iyakar Nijar. Na hau babur na tafi. Rana ta gasa ni har na fara ƙamshin tsire, ƙaya ta yage sabuwar rigar. Amma na same shi, na kuma sami raƙuma uku suna yi masa aski. Aduwa ce! Cin raƙuma ne ya hana ta tsawo. Na ɗauki hoto, na tsinko reshe, na dawo ina waƙa.

A zama na gaba na shimfiɗa reshen kusa da aduwar Gwiwa, na ce, "Malam, goge tabarau ka nuna mana bambanci."

Ya duba, ya juya, ya sake dubawa. "Gaskiyarka. A haɗe su."

Na so ya yi gardama, ya ƙi. Hajiya ta ce, "To, in an haɗe biyu, wanda aka fara rubutawa shi ke zama uwa, sauran su koma ƙarƙashinsa." Ta duba kwanan wata. A rubuce, guntun itacensa ya girmi duk aduwar da na yi shekaru ina tarawa daga Roni zuwa Gwiwa. Ina kallo suka bi layi suka shige ƙarƙashin sunansa.

Ya cire tabarau, ya dafa kafaɗata.

"Sannu da ƙoƙari, Yallaɓai. Da itace ɗaya gare ni, yanzu ka ba ni daji. In ka huta, akwai wata magarya da nake so ka duba mini."