Ranar da mota guda ta ji ni

Shekarun baya, ɗana na fari ya sayi mota yana jigilar 'yan kasuwa daga Bagudo zuwa Lolo, wani lokaci har bakin iyakar Binin. Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba, amma mu a tashinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yaba shi, ba ta yi masa dariya a gaban mutane. Kakarsa ce ta raine shi tun daga yaye. Ni "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "mai motar nan". Ko motar tasa ba na shiga. Ranar kasuwa in ɗauki kwandon daddawata in hau ta wani, shi yana kallona.

Amma idona yana kansa. Wata rana na hange shi ya wuce, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da waya a kunne. Da ya zo gaisuwa ban bari ya gama durƙusawa ba.

"Kai, rayukan mutane kake ɗauka ko buhunan albasa?"

"Ki yi haƙuri, Inna, za a gyara."

Bai daɗe ba ya je Kamba aka cire rediyon motar aka sa masa sabuwa. Ya ce da ita waya ke haɗuwa da mota, bulutut ko mi, zai iya magana hannunsa biyu na kan tuƙi. Ni abin da na gani kawai shi ne kiɗa ya ƙaru. Tun daga bakin masallaci kaji ke sanin ya iso. Na ce masa ƙofar gidana ba wurin biki ba ne, ya koma kashewa tun daga nesa. Batun magana kuwa na ɗauka wani ɗan abu yake cusawa a kunne. Ban tambaya ba. Ni da ban yi boko ba, abin da na sani a waya shi ne koren maɓalli: in danna sau biyu, ya ɗauka, in faɗi abin da ke bakina, in ajiye. Kashewa aikinsa ne.

Wata ranar kasuwar Lolo cikin damina ƙafa ta hana ni fita. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayan la'asar sai ga maƙwabciyata da labarin wata mota ta zame a wajen kwalbati. Ba ta san ko ta wa ba ce. Na danna kore.

"Inna, lafiya lau muke, ga mu nan tafe a hankali."

"A hankalin naka na san shi. Ka rage gudu, kada ka kai 'ya'yan mutane rami."

Na ajiye wayar a kan tabarma. Ni kaɗai ce a ɗaki, don haka na ɗaga hannu na yi abin da nake yi tun yana goye. Na kira sunansa, cikakke. Na ce, Allah ka tsare mini shi, shi ne farkon abin da ka ba ni, ban taɓa gaya masa ba amma kai ka sani. Na daɗe ina yi, har da hawaye, ni da jikoki ke gudu in na yi gyaran murya.

Kasuwa ta zagayo, na je Lolo. Akwai wata 'yar ƙabilar Dandi daga ƙetaren iyaka da ke sayen daddawata, bakinta ba ya riƙe komai. Tana ganina ta tafa hannu.

"Iya, ashe kin san sunan ɗan naki!"

"Wane ɗa?"

"Direba mana! Ai ina cikin motar. Muryarki ta ko'ina take fitowa, har ƙarƙashin kujera. Faɗanki kam mun saba da shi, duk mai shiga motar nan ya san ki. Amma rannan ya kai hannu zai kashe, sai wani dattijon Bafulatani da ke gaba ya riƙe hannun ya ce, 'Direba, bari ta gama.' Mu duka muka yi ta amin. Shi kuwa ya gangara gefen hanya ya tsaya, wai gilashi ya yi hazo. Gilashi ƙalau yake, Iya."

Da ƙasa ta buɗe a ranar da na shige da kwandona. Na zuba mata daddawa har ta wuce ta kuɗinta don kawai ta tafi.

Da yamma ya zo gaisuwa. Ya durƙusa inda ya saba, kansa a ƙasa. Na ce, "Abin nan da ka sa a mota, a cire shi."

"To, Inna."

Sannan ya ce, "Na gode." Ban tambaye shi ta mi ba. Na ce ya tashi tuwo na hucewa.

Bai cire ba, ni ma ban sake tayar da zancen ba. Yanzu shi ma furfura ta fara fito masa, motar ta canza, amma sabuwar ma da abin a cikinta. Har gobe ba na kiran sunansa a gabansa, kuma ban fasa faɗa ba in ya yi na faɗa. Haka aka raine ni, haka zan koma ga Allah. Sai dai na gane yaron nan ya girma yana jin rabin maganata kawai, ɗaya rabin ina yi ne bayan na ajiye waya.

Daga baya an nuna mini jan maɓallin da ake kashewa da shi. Na san inda yake sarai. Ban taɓa danna shi ba, shi ma ba ya saurin kashewa.