Gadar da Inna Ba Ta Ga Buɗewarta Ba

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, Inna, mahaifiyata, ta zo daga Zariya yi mini zaman jego. A ƙasar waje muke a lokacin, a garin Clinton, maigidana kuma yana aiki a tsallaken kogin Potomac. Wata rana ya dawo a makare, ya ce an ɗage gada ne don wani jirgin ruwa ya wuce. Inna ba ta musa wa surukinta ba, sai da ya fita ta tambaye ni ko wasa yake yi.

Da na faɗa masa, sai ya zauna ya yi mata bayani. Tsakiyar gadar a rabe take kamar ƙofa mai murfi biyu, kowane ɓangare da ƙaton nauyi a gindinsa wanda ke rinjayarsa, shi ya sa inji ba ya wahala wajen ɗagawa. Akwai mutum a wani ɗan ɗaki a sama, shi ke kunna jar wuta, ya sauke shinge, ya tsayar da motoci.

"To, ina so in gani da idona," in ji Inna.

Duk Lahadi mukan bi ta kan gadar zuwa gidan yayata a Woodbridge. Inna takan gyara zama tun daga nesa, tana leƙen ruwa. Wata Asabar har muka je bakin kogin da shinkafa a kula, muka zauna ƙarƙashin gadar tun azahar. Motoci na ta ruri a kanmu. Sanyi ya fara taɓa jaririya, Inna da kanta ta ce mu tashi, wani zuwan ta gani.

Bayan komawarta gida da 'yan makonni, ina isowa gadar sai shingen ya sauka a gabana. Na kashe mota, na kira ta. Na faɗa mata titi yana miƙewa tsaye, har da fitilunsa, ga dogon sandan jirgi yana ratsawa a hankali. Ta tambaya ko mutane sun fito kallo. Na duba, kowa na cikin motarsa, wasu ma tsaki suke yi.

Ba ta sake zuwa ba, ciwon ƙafa ya hana. Daga baya aka rushe gadar, aka gina wata mai tsawo wadda ba kasafai ake buɗe ta ba. Inna ta rasu ɗiyata tana aji uku.